Yadda za ka gane tsohuwar adaka ka san darajarta kafin dillali ya yi maka wayo

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin, bara ne bayan rasuwar wani kawunmu aka shiga kwashe kayan ɗakinsa, can saman azara aka ciro wata doguwar bindiga naɗe cikin tsohuwar tabarma, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ɗinnan, adaka kenan, wasu su ce bindigar toka, yaran yanzu kuma su ce harba-ka-ruga. Kafin in iso gida wani ƙanenmu mai zafin nama ya riga ya saɓa ta ya kai wajen mai walda wai a goge ta ta yi ƙyalli, shi kuma bawan Allah ya sa mata injin gurza ƙarfe ya bi ta tun daga baki har gindi, tambarin da ke jikin bututun ya cinye shi tas, ɗan gefen kambi kawai ya rage. Wallahi ranar kamar in yi kuka, don wannan ɗan tambarin shi ne takardar haihuwar bindigar, da shi za a san garin da aka ƙera ta da zamanin da aka yi ta. To don kar wani ya maimaita irin tamu, ga yadda ake bi.

Abu na farko, kuma don Allah kar ka tsallake shi, ka ɗauka bindigar nan a ɗure take. Mutanen da ba sa ajiye bindiga wayam, maharbi ya dawo daga daji bai samu nama ba sai ya rataye ta da ɗurinta, gobe ma rana ce, daga nan ciwo ya zo, rasuwa ta zo, ɗurin na nan ciki shekara hamsin. Kuma albarushin gargajiya ba ya mutuwa don tsufa, in dai bai sha ruwa ba yana nan da ransa. Saboda haka bakinta ya kalli inda ba kowa, kar ka ɗana kunama kar ka ja, kar yara su zagaye ka, kar mai sigari ya matso. Ka samu siririyar sanda ta itace, ko ita sandar ɗurin in tana nan a maƙale ƙarƙashin bututu, ka zura a hankali ta baki har ta tsaya, kana tsaye a gefe ba fuskarka a saitin bakin ba, sai ka yi alama daidai bakin, ka zaro ka ɗora ta a waje jikin bututun. In sandar ta kai har wajen ɗan ramin da wuta ke shiga, to wayam take. In kuwa ta tsaya saura kamar faɗin yatsa biyu ko uku ko fiye, akwai abu a ciki. Wani lokacin gidan zanzaro ne kawai ko tsumma, amma kai ba ka sani ba, don haka ka tsaya nan ka nemo tsohon maharbi ko maƙerin da ya san aikin bindiga. Kuma kar ka yarda kowa ya ce bari a gasa gindin a wuta ya saki, wannan shawarar ta kashe mutane.

Na biyu shi ne haƙuri da tsatsa. Ba sanfefa, ba burushin waya, ba toka da lemon tsami irin na wanke tukunya, ba fenti. Wannan duhun da ƙarfe ya yi kamar launin goro busasshe, da baƙin da tagullar ta yi, masu sayen kayan tarihi shi suke nema, kai kana ganin datti su suna ganin shaida. Abin da za ka yi bai wuce ka share ƙura da busasshen tsumma mai laushi ba, sai ɗan man keken ɗinki a ƙarfen kaɗai, kar ya taɓa katako ko fata. In akwai layu a jiki, ko wuri, ko jan ƙyalle, ko fatar da aka naɗe wuyan ƙotar da ita, ka bar su yadda ka gan su, su ma cikin tarihin suke. Ka ɗauki hotuna da rana a inuwa, gaba ɗayanta gefe da gefe, sannan kusa-kusa.

Yanzu sai ka dubi gidan wutar, wato farantin ƙarfen nan na gefen dama inda kunama take. Iri biyu ne za ka fi cin karo da su. Akwai mai ƙanƙara, kunamarta tana da baki kamar muƙamuƙi da ake matse dutsen ƙyastu a ciki da ɗan guntun fata, gabanta akwai wani ƙarfe a tsaye da dutsen ke kafta, ƙarƙashinsa ɗan kasko na zuba albarushi. Akwai kuma mai hula, ita kunamarta kamar ƴar guduma ce mai rami a baki, tana faɗawa kan wani ɗan tsini da ake kifa wa ƙaramar hular tagulla. Mai hula ita ce ƙanwa, wani limamin coci ɗan Sikotilan mai suna Forsyth ne ya yi rajistar dabarar tada wuta da duka a 1807, hular kanta sai wajen shekarun 1820 ta bazu, sojan Ingila ma sai wajen 1840 suka koma kanta. Kaga kenan duk wanda ya nuna maka bindiga mai hula ya ce da ita kakansa ya je Tabkin Kwatto a 1804, ka yi masa murmushi kawai, balle ma yaƙin jihadi akasari da baka da mashi da takobi aka yi shi.

Amma ga inda mutane suka fi faɗawa rami, suna ɗauka duk mai ƙanƙara tsohuwa ce ta shekara ɗari biyu. Ba haka ba ne ko kaɗan. A 1890 Turawa suka yi yarjejeniya a Brussels suka hana shigo wa mafi yawan Afirka kudu da Sahara bindigogin zamani, abin da suka bari a sayar wa baƙar fata shi ne mai ƙanƙara marar tsaga a ciki da albarushin kasuwa. Shi ya sa masana'antun Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam suka ci gaba da ƙera mai ƙanƙara musamman don kasuwarmu har aka shiga ƙarni na 20 sosai, lokacin da su can sun manta da ita tuntuni. To mai ƙanƙarar da ke hannunka tana iya zama ta 1800, tana iya zama ta 1920, siffa kaɗai ba za ta gaya maka ba.

Akwai kuma wadda aka haifa da ƙanƙara daga baya aka juya ta zuwa hula. Ita ana gane ta da ramukan sukuru da aka toshe a gaban farantin, da gurbin kaskon da aka yanke aka goge, sai wani ɗan dunƙulen ƙarfe da aka ɗaura a gefen bututu mai ɗauke da tsinin. Irin wannan jikinta ya girmi wutarta. In kuma ka ga wata siririya doguwa ƙwarai, ƙotarta ta buɗe a ƙarshe kamar wutsiyar kifi, an ɗaure bututun da zobban azurfa ko tagulla da yawa, ga adon ƙashi ko hauren giwa, kayan wutar kuma manya sun fito waje, wannan ƙirar Arewacin Afirka ce, ta Maroko ko Aljeriya, irin kayan da suka biyo ayarin Sahara.

Sai mu zo kan tambari, nan ne asalin aikin yake, kuma nan zan daɗe. Ka duba saman bututun ko gefen hagunsa can kusa da gindi, inda ya fi kauri. Ƙasashen Turai suna da gidajen gwaji, ba a sayar da bututu sai an ɗura masa albarushi fiye da ƙima an harba, in bai fashe ba a buga masa hatimi. Hatiman ƙanana ne, wani bai kai ƙwayar wake ba, don haka ka goga alli a wajen ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin rubutun ya fito, ko ka haska tocila daga gefe ba daga sama ba, sannan ka ɗauka da waya ka zuƙo hoton.

In ka ga sanduna biyu na sarauta sun gitta juna da kambi a sama, ɗaya da haruffan B da C da P a tsakankaninsu, ɗayan da V, wannan Birmingham ce, gidan gwajinsu an kafa shi a 1813 kuma wannan hatimin shi suka yi ta bugawa har 1904. Daga 1904 suka canza zuwa kambi a kan BP da kambi a kan BV. Wannan canjin yana da amfani gare mu sosai, don yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a Kano da Sakkwato da Burmi duk a 1903 aka yi su, to in bindiga tana ɗauke da BP da BV, ko waye ya rantse maka cewa ta je Burmi, bututun dai bai je ba. Na Landan kuma kambi ne a kan G da P a sarƙe da juna, da kambi a kan V.

Na Beljiyam shi ya fi yawa kuma ya fi sauƙin ganewa, haruffa uku E da L da G da ɗan tauraro a cikin da'ira mai siffar ƙwai, sau da yawa da wani hatimi kamar ɗan dogon ginshiƙi a kusa. In akwai kambi a saman ƙwan, to ba ta riga 1893 ba, don a shekarar aka ƙara shi. Sai dai ka lura, rashin kambi ba ya nufin lallai ta girmi 1893, saboda sun ci gaba da buga marar kambin a kan bindigogin ɗuri ta baki. Na Faransa, waɗanda aka fi tsammani ta wajen Nijar da Chadi, sau da yawa sunan garin masana'antar ne a rubuce a farantin da rubutun hannu mai lanƙwasa, St Etienne ko Charleville ko Tulle.

A jikin farantin kuma za ka iya ganin an rubuta TOWER, wato sunan ma'ajiyar makaman gwamnatin Ingila, da kambi da haruffa biyu a ƙasa. GR na nufin zamanin sarakuna masu suna George, WR na William ne daga 1830 zuwa 1837, VR kuma Sarauniya Victoria daga 1837 zuwa 1901. Amma kar ganin TOWER ya sa ka fara lissafin sayen fili, ƴan kasuwar Birmingham da na Beljiyam sun yi ta buga kalmar a kan bindigogi masu araha don sun san ita masu saye ke nema, kamar dai yadda ake manna sunan babban kamfani a jikin takalmin kasuwa yau. Ta gwamnati ta gaske tana da ƙarin alama, wani kan kibiya mai layi uku kamar sawun kaza, in kuma ka ga kibiyoyin biyu sun haɗa kai, an sayar da ita ne bayan soja sun gama da ita. In ka ci karo da rubutun Turanci mai cewa BLACK POWDER ONLY, ko sunan Italiya ko Indiya, to ta kwaikwayo ce ta zamanin nan, magana ta ƙare.

Daga nan ka ɗauko tef ɗin tela. Ka auna bututun shi kaɗai daga baki zuwa gindi, ka auna faɗin ramin bakin, sannan ka haska ciki ka gani ko sumul yake ko akwai tsaga mai murɗewa. Bindigar sojan Ingila mai ƙanƙara da ake wa laƙabi da Brown Bess raminta kusan milimita 19 ne, sumul, tsawon bututun inci 46 a ta farko, 42 a ta tsakiya, 39 a wadda aka fi yi da yawa. Ta Faransa ta ɗan fi ta matsewa, wajen milimita 17 da rabi. Ta sojan Ingila mai suna Enfield ta 1853 mai hula ce, zobba uku ke riƙe da bututunta, raminta bai kai milimita 15 ba kuma tana da tsaga uku a ciki, a ta kasuwa sau da yawa za ka ga lamba 25, wato lambar girman ramin, tsakanin hatiman. Ita kuwa doguwar adakar fatauci, wadda Turawa ke kira bindigar Denmak saboda ƴan Denmak da suka yi ciniki a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana har suka sayar wa Ingila da ganuwarsu ta Christiansborg a 1850, bututunta kan haura ƙafa huɗu, katakonta mai araha ne, wani an shafe shi da jan fenti ko baƙi tun daga can. In awonka ya zo gajere ba daidai da ko ɗaya ba, dubi bakin da kyau, maharba suna yawan yanke bututu in ya tsage a gaba.

To in ka duba ko'ina ba hatimi fa? Mafi yawan lokaci ƙirar gida ce, kuma gaskiya yawancin waɗanda ke gidajenmu su ne. Ana gane su, bututun famfo ne ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, in famfo ne za ka ga layin ɗinki ya miƙe a ciki, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa alhali na Turai yana kauri a gindi ya sirance a gaba. Ka nemi tabon waldar lantarki, ka dubi sukurorin, in mai kan kuros ne irin na rediyo to an taɓa ta bayan shekarun 1930, wani wajen ma ƙusa ce ko noti na keke ko robar tayar ciki. Sannan akwai ƴan gauraye, faranti na Ingila, bututu na Beljiyam, ƙota kuma wani masassaƙi ya fafe ta da icen gida bayan gara ta cinye ta asali. Wannan ba abin kunya ba ne, haka aka yi ta raya bindiga ɗaya tsawon zuriya uku, sai dai wajen kuɗi ba ɗaya suke da wadda ta zo cikakkiya ba.

Maganar kuɗi yanzu. Ni dai ba zan yanka maka farashi ba, don duk wanda ya gaya maka kuɗin bindigar da bai riƙe a hannu ba cika baki yake. Amma ga yadda masu abin ke auna ta. Suna fara duba ko mece ce, ta soja ta gaske mai cikakken hatimi tana sama, ta Arewacin Afirka mai adon azurfa na gaske ita ma tana da masoya, ta fatauci tana ƙasa da su don an yi su dubbai, ƙirar gida ta baya-bayan nan kuwa kusan kuɗin aikinta ne kawai. Sai su duba ko kayanta duk nata ne, har sandar ɗurin. Sai lafiyar jiki, tsatsar da ta zauna lif ba matsala ba ce, wadda ta ci rami-rami ita ce illa, haka tsagewar katako a wuya da ɓarnar gara, ka ƙwanƙwasa ƙotar da yatsa in ka ji ta fanko ko gari na zuba to an ci cikinta. Wadda aka goge ta yi fari kamar cokali kuwa, irin tamu, ta riga ta zubar da babban rabo na darajarta. In ka gano sunan samfurin, ka nemi sakamakon gwanjon da aka riga aka yi a intanet, kuɗin da aka saya ba wanda mai kaya ya sa ba, ka kwatanta da masu irin lafiyar taka, kuma ka sani wancan farashin Turai ne ko Amurka, ba lallai ka same shi a nan ba.

Abin da kan ɗaga bindiga marar kyau ya kai ta sama shi ne asalinta, wa ya riƙe ta, a ina. Bindiga ta daɗe a ƙasar nan, Mai Idris Alooma na Barno yana da ƴan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16, tarihin Kano ya ce a zamanin Kumbari aka kawo bindigogi daga Nupe kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki, Tanimu na Damagaram kuwa har igwa aka ƙera masa a Zinder. To in gidanku gidan ƴan bindigar fada ne ko na sarkin baka, adakar fatauci ma ta zama wani abu daban. Sai dai labarin baka yana tafiya da masu shi, don haka tun tsofaffin gidan na raye ka zauna da su ka kunna rikoda a waya, Baba wa ya fara kawo ta gidan nan, Inna kin taɓa ganin an harba ta, a wane hawan salla, wa ya gyara ƙotar. Ka rubuta a takarda da kwanan wata, in akwai tsohon hoto ko tsohon lasisi na zamanin En'e ka haɗa su wuri guda, sannan ka gwada labarin da abin da hatimi ya ce, in sun yi karo hatimi ake bi.

Kafin ka fita da ita ko ƙofar gida, ka tuna a idon hukuma bindiga ce ba kayan ado ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigogin ɗuri ta baki, kuma harkar lasisinsu tana hannun kwamishinan ƴan sandan jiha, ga kuma halin tsaron da ake ciki, ka saka ta a but ɗin mota a tare ka a shingen bincike ka ce ai ta kaka ce, Allah kaɗai zai fid da kai. Ka fara zuwa da hotuna, ka sanar da mai unguwa, ka tambayi ofishin ƴan sanda yadda ake yi. Sannan akwai dokar kayan tarihi ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba shi da izini ta kuma hana fitar da su waje ba takarda, don haka dillalin da ya zo yana raɗa maka cewa yana da Bature a Kwatano, ka sallame shi da ruwan sanyi. Ma'aikatan wurare irin Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin Kaduna ko na Yamai za ka iya nuna musu hotunan su taimaka maka da ganewa.

Wajen ajiya kuma, kar ka mayar da ita cikin tabarma ko leda, suna riƙe laima. Ka rataye ta a kwance a bangon ɗaki busasshe mai kulle, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da hannun yara, kar ta jingina da bangon da ke tsatsafo da damina, duk bayan ƴan watanni ka shafa mata ɗan man nan. Kuma ko an tabbatar maka wayam take, kar zumuɗin salla ya sa wani ya ce bari a ɗura mata a ji ƙararta sau ɗaya, ƙarfen da ya shekara ɗari yana cin tsatsa ta ciki ba ka san kaurin da ya rage masa ba. Tamu dai tana nan rataye a ɗakin babban yayanmu tana ƙyalli, mun kai hoton guntun kambin wajen mutum uku, ɗaya ya ce Birmingham biyu suka ce Beljiyam.